Rabon Rake

Tun da sanƙarau ya kwantar da Muhyiddeen bara, kunnensa na dama ya daina ji, maganarsa ta yi nauyi. Mahaifinsa Zakari, manomin rake a fadamar Gaya, ya yanke cewa ciwon ya taɓa hankalin yaron, don haka ba zai sa shi lakwal ba, wato makarantar boko. Barira, mahaifiyar Zakari, ba ta yarda ba. A ƙarshen makon za a rufe ɗaukar sababbin ɗalibai.

Ran Alhamis da la'asar Zakari ya dawo gida da sandar rake guda. Barira ta karɓe, ta miƙa wa jikan tare da wuƙa.

"Angona, raba muku kai da yayyenka. Ka san ƙa'ida, mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe."

"Inna, zai yanke hannu," in ji Zakari.

"Kai sau nawa ka yanke naka?"

Yaron ya daɗe yana jujjuya raken. Sannan ya datsa shi uku: gindin gajere, tsakiya matsakaici, saman kuma dogo sosai.

Yayarsa Hajara ta tuntsure da dariya. "Ko awo bai iya ba."

Barira ta sunkuya wajen kunnensa na hagu. "Me ya sa ka yi haka?"

"Gindi ya fi zaƙi," ya ce a hankali. "Sama lami ne. Wanda ya samu sama, a ƙara masa."

Hajara ta daina dariya. Ita da babban wansu Sagiru suka duƙa kan guntayen. Sagiru ya ɗauki gindin, ya ajiye, ya ɗauki saman, ya auna a hannu. Hajara ta ce ya yi sauri, amma ita ma ta kasa zaɓa.

Barira ta miƙe tana rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga.

Zakari ya tsuguna gaban ɗansa. "Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Baba. Kullum sama ake ba ni."

Zakari ya juya ga Sagiru. "Ruga gidan Mushe Hadi, malamin lakwal, ka ce gobe da safe muna tafe. A zaunar da Muhyiddeen a gaba, da kunnen hagu yake ji."

"Kuma da takalmi za ka kai min miji," in ji Barira.