Janaretan da Hajiya Ɗelu Ba Ta Ji

Mai kantin ya ja igiyar janaretan sau ɗaya, shagon ya ɗauki ƙara har wani mai shan shayi a mamak, wato gidan abincin da ke gefe, ya dafe kofinsa. Abdussalam kuwa sai murmushi. Shi ɗan Kano ne, kuma a wajenmu janareta in bai yi ihu ba, ai ba a yarda yana da ƙarfi.

"Wannan shi ne inji!" ya faɗa da ƙarfi a kunnen mahaifiyarsa.

Hajiya Ɗelu ta zo Kuala Lumpur ne ganin likitan kunne. Likita bai ɓoye musu ba: na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Da suka dawo gidan ɗanta a unguwar Setapak ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta bakin ruwan nan da suke zuwa kafa tanti, jikarta Khaulah ta karanta mata haddarta tun tana iya ji. Yarinyar kuwa muryarta kamar ta sauro, ga kunya.

Abdussalam ya rantse Hajiya ba za ta sha zafin daji ba. Fanka biyu zai kai, da tukunyar shinkafa ta lantarki, da butar shayi, har da ƙaramin firji. Wannan ƙaton ne kaɗai zai ja su duka.

Hajiya ta matso ta tsaya a kan injin, fuskarta ta washe. Tunda ta sauka a ƙasar nan, babu abin da ta ji tangaran sai shi. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da ƙanƙara a Fagge, janareta na ruri a bayan ɗakinta dare da rana, har ɗanta ya zama malamin jami'a! Ta shafa tankin kamar ta ga tsohuwar ƙawa.

"Kai, muryarsa sak na gida," in ji ta. Sai ta ɗaga hannu. "Ce masa ya kashe."

Ta nuna wani ɗan ƙarami a rufe ruf, mai mariƙi kamar akwatin tafiya. Mai kantin, wani dattijon Basine, ya ce da Turanci wannan ba ya damun maƙwabtan tanti, amma fanka ɗaya da fitila da cajin waya kawai zai ja. "Shinkafa, tak boleh lah," ya ƙara yana girgiza kai, wato ba zai iya ba. Ya tayar da shi, injin ya kama gurnani ƙasa-ƙasa.

Hajiya ta jira. Ta dubi ɗanta.

"To ya tayar mana, me yake jira?"

Gaban Abdussalam ya faɗi. Shi yana jin injin sarai. Sai ita ce ta karanci fuskarsa, ta sunkuya ta ɗora tafin hannu a jikin injin. Ta ji yana rawa. Wallahi ko gezau ba ta yi ba, dariya ma ta yi.

"Ashe yana yi. Madalla, shi za mu ɗauka."

"Hajiya, ba zai ja tukunya ba. Ga zafi, ga sauro, ke kuma ga..."

"Baban Khaulah, itace ya ƙare a dajin ne? Ni za a koya wa dafa shinkafa a murhu?" Ta gyara mayafinta. "Janareta ya ci kunnena ɗaya da rabi, kuma ban yi da-na-sani ba. Rabin da ya rage ba nasa ba ne, na yarinyar nan ne."

Bai ƙara musu ba. Ya ɗauki ɗan injin da hannu ɗaya, ita tana gaba tana ratsa baburan da aka jera a bakin titi, kai ka ce a nan aka haife ta.

"Allah Ya saka miki da Aljanna, Hajiya," ya ce a bayanta, da muryarsa ta kullum.

Ba ta waiwayo ba. Tana can tana nuna wa mai mamak da yatsa a ƙunsa mata roti uku, irin gurasarsu ta can, ɗaya a sa wa Khaulah madara.