Sunan Gidanmu a Taswirar Bayan

Ina kan hanyar kai odar abinci unguwar Ammariyya Yaya Bayan ta kira ni, wai in biya maɗaba'a in karɓo mata samfurin taswirarta. Washegari za a buga guda dubu.

Bayan 'yar baffana ce. Shekara uku ta yi tana karatu a Durham, can arewacin Ingila, ta dawo ba ta da zance sai na taswira. Wai a can kowane ƙauye na da tasa ta shekara ɗari biyu, har rijiya da gona an sa musu suna, tsofaffi kuma su taru duk mako suna musu a kan sunan gada ɗaya. Da aka rushe unguwarmu ta Hausawa a Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, sai ta ce ita ma za ta zana ta kafin a manta. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, aikina a ciki bai wuce aike ba.

A mota na warware takardar. Na bi lungunmu da yatsa, ga masallaci, ga mai gasa burodin tamis, ga gidan kakanmu. A kansa an rubuta da Larabci: Baitus Sud. Gidan baƙaƙe.

Ban kai abincin mutane ba. Gidan Baffa na wuce, na shimfiɗa mata takardar a kan teburinta.

"Daktora, wane ne ya raɗa wa gidanmu wannan sunan?"

"Ba ni ba ce, Nuraddeen. Tarihi ne." Ta jawo hoton wata tsohuwar taswira da ma'aikacin wani kamfanin awon ƙasa ya zana shekara sittin da suka wuce. "Ga shi nan. Ga kuma wasiƙar Kaka da hannunsa: Gidan Baƙi. Majiya biyu sun yi daidai, halas, magana ta ƙare."

"Faɗi kalmar in ji."

"Baƙi."

"Wannan launin gawayi kenan. Namu baaƙi ne, ja shi. Jam'in baƙo! Alhazai ne ke sauka a gidan. Da launi ake nufi ai da baƙaƙe aka ce."

"Ya akhi, ni duk ɗaya nake jin su."

"To me ya kai ki rubuta abin da kunnenki ba ya rabewa?"

Ta gyara gilashinta. Wai ƙa'idar aikin ita ce rubutacce ya fi na baka ƙarfi. Raina ya ƙara ɓaci. Mutumin da ya tsaya minti biyar a lungunmu da igiyar awo shi ne shaida, mu da aka yanke wa cibiya a ɗakunan nan mun zama jita-jita. An ɗauke ginin, ba mu ce uffan ba. Sunan kaɗai ya rage, shi ma 'yar gida za ta buga shi sau dubu a karkace, jikokinmu su karanta cewa launin fatarmu ne adireshinmu.

Na ce, "Yalla, tashi. Wajen Sitti za mu."

Sitti Rabi'atu, kakarmu, tana ɗakin baya tana tsince shinkafa. Yaya Bayan ta durƙusa ta karanta mata sunan. Sitti ta ture farantin gefe.

"Gidan wa?"

Yaya Bayan ta maimaita, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke Bayan, kuɗin jirgin Ingila aka yi asara. Ina amarya mai awon nan ya zo, zufa har wuya. Ni na aika masa da ruwa. Bai tambayi kakanku ba, mai kantin gefenmu ya tambaya, wanda Hausarsa ba ta wuce ina kwana ba." Ta fara lanƙwasa yatsu. "Kanawa sun kwana a soron nan. Damagarawa, mutanen Sudan. Har mutanen ƙasashe masu nisa, Bajawe da wani Babuhare fari sol, wata biyu yana jinya, ni na riƙa dama masa kunu. Shi ma baƙo ne. Sai ki je ki ce masa baƙi."

Yaya Bayan ta ce ko a bar sunayen biyu, tsohon a ƙasa da ƙananan haruffa.

"Kuskuren wani ba zai zauna a kan rufin gidanmu ba," na ce. "In kina son ajiye shi, kai shi bayan takarda ki rubuta cewa kuskure ne. Ki sa sunan Sitti a majiya, sama da na kamfanin."

Ta dube ni kamar za ta kawo wata ƙa'idar, sai ta ɗauki jakarta.

A maɗaba'a Usuman mai tsara shafi ya yi tsaki, wai an riga an shirya farantin bugu. Yaya Bayan ta ce a sake. Ya ɗora hannu a kan madannai ya tambayi me zai sa. Ni Yaya Bayan ta kalla.

"Baitud Duyuf," na ce. "Ƙasansa da Hausa, Gidan Baƙi, masaukin alhazai."

Wayata na ta ruri, masu abinci na nemana. Na kashe ta, na ja kujera kusa da injin. Ban tashi ba sai da takardar gwaji ta farko ta fito da ɗuminta na karanta da idona.