Tsarabar Barira daga Meksiko

"Ke kaɗai ya ce?"

"Ni kaɗai, Gwaggo."

"Duk gidan nan, da uwarshi da ƙannenshi, babu wanda aka aiko ma sai ke?"

Barira ta bi hannun gwaggonta da kallo. Hajiya Balaraba ƙanwar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun tana goye bayan rasuwar uwarta. Da sassafe ta shigo mota daga garin Ɗan Issa don ta yi wa Hamisu, mijin Barira, barka da sauka, sai ta tarar ya tafi ƙauyen Sarkin Yamma duba gonakin irin dawa, sai gobe zai dawo. Yanzu ga ta zaune a kan tabarma, ta kwance tsarabar daga cikin ɓawon masarar da aka naɗe ta, tana jujjuya ta da yatsu biyu. Wasu baƙaƙen dunƙulaye ne masu faɗin tafin hannu, da tauri kamar ƙuli-ƙuli, suna wani ƙamshi da Barira ba ta taɓa jin irinsa ba, kamar kirfa, kamar hayaƙi, kamar ƙasa idan ta sha ruwan farko.

"Mi sunan abin ma?"

"Shokola."

"Shokolar da na sani a kantin Maraɗi take, cikin takarda mai ƙyalli. Wannan kam ko a tsakiyar kayan boka aka ajiye ta, ba mai cewa baƙuwa ce."

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ne ƙungiyar noman da Hamisu ke wa aiki ta tura shi Meksiko koyon gyaran iri. Ya tafi Barira na da ƙaramin ciki, ya dawo ya tarar tana tashi da dafa bango. Tun ranar da ya sauka bakinsa bai huta ba, kuma duk labarin da ya ɗauko, a gidan wata tsohuwa yake ƙarewa. Ya ce ranar hutu aka kai su wani ƙauye kusa da garin Wahaka, tsakanin duwatsu, don su ga yadda mutanen wurin ke yin abin shansu na gado. Tsohuwar ta soya 'ya'yan itacen koko a faffaɗan kasko na yumɓu, ta ɓare su, ta durƙusa gaban dutsen niƙa irin na nan, sai dai su garwashi suke sakawa a ƙarƙashin dutsen, don man ya narke. Ta zuba kirfa da sukari tana niƙawa har abin ya zama kamar tunkuza. Sannan ta dama da ruwan zafi, ta sa wani maburgi mai zobba tana murzawa tsakanin tafukanta har kumfa ta taso, ta miƙo masa a ƙoƙo da hannu biyu.

"Barira," in ji shi ranar da ya sauka, idonsa na ƙyalli, "ƙoƙo fa, irin namu! Na kurɓa, sai ɗaci ya fara gaishe ni, daɗin ya biyo baya a hankali. Wallahi ke na tuna. Na ce ma mai fassara ya gaya mata na baro matata da juna biyu. Sai ta dafa ƙirji, ta ƙunso wannan, ta ce na matarka ne."

Ya ce ta adana sai Juma'a, da hannunsa zai dama mata, da maburgin da ya sayo. Barira ta kwana tana shinshina ƙunshin tana murmushi ita kaɗai. Duk wannan ta kwashe ta faɗa wa Gwaggo, tana zaton za ta taya ta murna.

Hajiya Balaraba ba ta yi murmushi ba.

"Tsohuwar ba ta da ɗiya?"

"Bai ce ba."

"Ina zai ce? Ke yarinya, kin taɓa ganin inda mace ta durƙusa ta yi ma baƙo niƙa, ta ba shi abu a ƙoƙo da hannu biyu, kuma ta ƙulle wani daban ta ce a kai ma matarshi mai ciki? A nan garin in aka yi miki haka, ci za ki yi?"

Barira ta san amsar. A nan, abin da ya fito daga hannun da ba a sani ba, kuma aka kira sunan mutum ɗaya a kansa, ba a kai shi baki sai an fara jefa wa dabba.

"Ba cewa na yi mijinki mugu ne ba," in ji Hajiya, tana gyara lulluɓi. "Sai dai namiji in aka ba shi ya sha, shi kanshi bai san abin da ya ɗauko ba. Tashi. Ina karen nan naku?"

Lambun Hamisu na bakin tabki. Damina ta kusa ƙarewa, ruwa ya cika har ya shanye gindin itatuwa, hadari ya tsaya baƙi ƙirin ta gabas, bai zubo ba bai wuce ba. Masunta sun ja kwale-kwalensu gefe. Ko iska babu. Ɗan Ja, ɗan siririn karen da ke gadin tumatir da albasa, ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, don ya san Barira ce mai kawo masa ƙanzo. Hajiya ta tsaya nesa kada ya taɓa mata zane, ta ɓantari dunƙule ta wurga. Ya cafe, ya lashe baki, ya ɗago kai. Ta ƙara. Ta yi ta ƙarawa har rabin tsarabar ya tafi.

"Gwaggo, ya isa haka. Kin ga lafiyarshi lau."

"Mu dai zauna."

Suka zauna a gindin gawo. Da farko Barira har dariya ta yi, don karen ya kwanta yana lasar ƙafa. Wajen azahar ya miƙe. Ya shiga zagaya lambun ba dalili, yana haki, ya je bakin ruwa ya sha, ya dawo, ya koma ya sha. Ya yi amai baƙi. Da la'asar ƙafafunsa suka fara rawa, ya zo ya tsaya gaban Barira yana kallonta, ƙirjinsa na bugawa har ana gani daga inda take. Ta ji ɗan cikinta ya motsa, ta dafe shi da hannu biyu. Hajiya kuwa carbinta kawai take ja.

Da gari ya waye aka tarar da Ɗan Ja a sandare tsakanin kunyoyin albasa.

Babu wanda ya sani a garin nan na Madarumfa a ranar, har shi Hamisu da ya ƙetare teku, cewa shokolar da mutum ke sha lafiya, cikin kare ba ya ɗaukarta, in ta yi yawa kashe shi take. Abin da suka sani shi ne abin da ido ya gani. Kafin hantsi labari ya zaga daga bakin tabki zuwa kasuwa, mata na leƙowa ta katanga. Hajiya Balaraba ta ɗaure wa Barira kayanta a zane, ta aika tasha a tsayar musu da wuri a motar Ɗan Issa.

Barira ta zauna a bakin gado. Ta san irin wannan tafiyar. Ba yaji ba ne da ake biko da goro. In ta fita ƙofar nan yau, ta sa hannu ke nan a kan cewa mijinta ya ɗauko ajalinta da na ɗansa a cikin jaka, kuma sunan zai bi shi masallaci, ya bi shi gona, ya bi ɗan da ba a haifa ba tukuna.

Ana haka sai ga ƙarar babur. Hamisu ya shigo da laka a ƙafar wando, daga gani ta lambu ya biyo. Ya durƙusa.

"Hajiya, barka da zuwa. Mi ya samu karena?"

"Tsarabarka ta same shi. Da yanzu ɗiyata ce ake ma wankan gawa."

"Wallahi tallahi na sha abin nan. Jikokinta sun sha a gabana, 'yan ƙanana."

"Wanda kuka sha daban, wanda aka ƙunso ma matarka daban."

"To a dama yanzu, in shanye duka kowa na gani."

"Kai?" Hajiya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai da aka riga aka ba makari a ƙoƙo? Ko tulu ka sha ba abin da zai nuna."

Can nesa aka yi tsawa, doguwa, ƙasa-ƙasa. Barira na tsaye bakin ƙofar ɗaki, ta ga yadda fuskar mijinta ta sauya. Tsoro ne ya shige shi, irin na wanda ya fara shakkar abin da idonsa ya gani. Ya juyo gare ta, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Barira, kar ki taɓa shi. Ki bi Gwaggo. Ni dai ban sani ba, yanzu ban san komai ba. Bari in kai sauran in zuba a tabki."

Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙunshin, sai idonta ya sauka a kan tabon da ke bayan yatsunsa, wanda ta shafa wa man kaɗanya ranar da ya dawo.

"Malam," ta ce, "wannan ƙunar, a ina ka ce ka same ta?"

"A dutsen tsohuwar. Na karɓe ta niƙan, garwashin ya lashe ni, suna ta yi mini dariya."

"Wanda ka niƙa shi kuka sha?"

"Shi muka sha. Sauran ta dunƙule a gabana, yana da ɗumi ma na sa a aljihu."

"To sai mi?" in ji Hajiya. "Ya ga abin da ke ƙarƙashin farcenta? Ke ba ke kaɗai ba ce, ɗiyata. Ki tuna karen nan. Ki tuna yadda ya dube ki."

Ta tuna. Har yanzu tana ganin ƙirjin nan na bugawa. Ba ta da amsar da za ta ba Gwaggo a kan kare, ba ta da ita ko kaɗan. Abin da take da shi kawai, mutumin da ke durƙushe a gabanta, wanda ya gwammace a kira shi mai kisa a garinsu da ya ga ta kai ƙoƙon nan baki. Ta dubi ƙunshin, ta dubi ƙullin kayanta, ta dubi kawunan da suka jeru a kan katanga suna jira. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ta taka a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta ɗauke ƙunshin daga ƙarƙashin hannunsa. Ta shiga ɗaki ta fito da maburgin mai zobba da ƙoƙonta na fura, ta ajiye su a gabansa.

"Barira!" in ji Hajiya, ta miƙe tsaye.

"Gwaggo, ki gafarce ni, a sallami motar, ba inda za ni." Ta ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji. "Malam, ɗora ruwa a wuta. Ka dama yadda ta dama, har kumfar. Nawa ne aka ce, kuma yau zan sha shi a gaban kowa."