Abin da Ke Tumbin Fari

Yayana Hudu yana da shanun huɗa biyu, Fari da Gajere, kuma in ka ji yadda yake yi musu magana da safe sai ka rantse 'ya'yan cikinsa ne. Ni hatsi nake sayarwa a kasuwar Dutsin-Ma, ban san daɗin hira da sa ba. Amma na san cewa a ƙauyenmu Ɗantutture, mai shanu biyu shi ke huɗa gonarsa da ruwan farko, ya huɗa ta maƙwabta a ba shi na cefane. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ya zama baki kawai da za a ciyar, don ba a ɗaura garma da sa guda.

A bazarar bana Fari ya daina tuƙa. Ana zuba masa dusa ya sunsuna ya kau da kai. Haƙarƙarinsa suka fito, cikin kuma ya kumbura ta gefe ɗaya ya yi tauri. Hudu ya ba shi kanwa, ya ba shi jiƙon ɓawon maɗaci, ya sa aka yi tofi, duk a banza. Da ƙyar na lallashe shi muka kira Malama Hafiza, likitar dabbobi daga Kurfi. Ta danna cikin da hannu, ta kara kunne, sannan ta miƙe ta dubi gonar da ke bayan gida. Ta daɗe tana kallonta.

"Malam Hudu, leda ce," in ji ta. "Ta cika mashi tumbi. Ana iya yi mashi aiki a ciro, amma yanzu bai da ƙarfin da zai ɗauka. Zan yi mashi allura, a lallaɓa shi kwana biyu mu gani. In kau ya kwanta ya ƙi tashi, kada ku tsaya jira, ku sa wuƙa."

Ba sai ta tambayi inda ledar ta fito ba, ga ta nan tana kaɗawa a kan kowane kututturen kara.

Ga yadda aka yi. Tun zamanin mahaifinmu, manomi mai rabo shi ne wanda ya samu jujin gari ya zuba a gonarsa. Da rani ake bin masu jakuna ana roƙo su kawo. Toka ce a ciki da kashin awaki da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida, in ruwa ya dake ta sai gero ya fi mutum tsawo. To bara aka ba wani Alhaji Sa'idu kwangilar kwashe shara a cikin gari. Inda aka ce ya riƙa zubarwa da nisa, mai kuma ya yi tsada. Sai ya tsaya da tifarsa a bakin gonar Hudu, ya fito yana murmushi, ya ce taki ya kawo, kyauta, saboda Allah. Hudu ya yi ta godiya har da durƙuso. Ya sa matarsa Batula ta kamo zakara aka ba Alhaji. Aka ɗauki hoto.

Tifa ta yi ta zarya har gonar ta koma tuddai. Sai da aka zo bazawa aka ga abin da ke ciki. Baƙar leda, farar leda, ledar fiya wata, tsumma, fasassun robobi, da ƙunzugun jarirai na kanti da ba a ko naɗe ba, da kayansu a ciki. Wari kuwa, ni da na je na gani sai da na kasa cin tuwon dare. Hudu ya ƙona abin da ya ƙonu, iska ta raba sauran ga jama'a. Da aka gama girbi aka saki dabbobi cikin kara kamar yadda aka saba, Fari ya samu ledojin da aka ƙulla alale da awara, masu gishiri da ƙanshin mai. Bai san bambanci ba, mu ma da muke da hankali ba mu sani ba.

Washegarin zuwan likita na ji a rediyo cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a a Dutsin-Ma kan kudirin dokar hana leda. Kudirin nan na san shi kamar ɗan unguwarmu. Tun ina hawa tsohon babur ɗina nake jin labarinsa, na sayar da babur ɗin, na sayi wani, shi ma ya tsufa, kudiri yana nan yana karatu. Duk da haka na hau na tafi ƙauye.

"Yaya, ka shirya gobe mu tahi," na ce. "Manya za su zo. Ka faɗa masu da bakinka. Ko su sa a kwashe ƙazantar nan kafin ruwa, ko su taimaka a yi ma Fari aiki."

"In bar shi a wanga hali?"

"Wuni ɗaya ne. Kafin la'asar mun dawo."

Da safe ya shafa wuyan Fari ya ce masa ya yi haƙuri, ya bar wa Batula amana, ya sa rigar sallarsa.

Ɗakin taron ya cika, fanka na juyawa, an jera manya a babban tebur kowa da robar ruwa a gabansa. Mu kuma aka bi mu da fiya wata a bokiti. An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai da rana ta take. Shugaban taron, wani mai ƙatuwar babbar riga da ƙanshin turarensa ya riga shi isowa, ya karanto abubuwan da gwamnati ta sa a gaba: sauyin yanayi, kwararowar hamada, dashen itatuwa, sannan leda. Ya ce yana farin cikin sanar da mu cewa kudirin ya tsallake karatu na biyu. Aka tafa. Ya ce an miƙa shi ga kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin kuma zai fita ƙasashen waje ya ga yadda suke yi da tasu ledar. Aka sake tafawa. Na kusa tashi in ce su rage wa kansu wahala, su zo Ɗantutture a babur ɗina, ba sai da fasfo ba.

Sai ya ce kafin doka ta fito, akwai 'yan kishin ƙasa da suka riga suka fara aiki. Aka yaye wani ƙyalle a bango. Hoto ne ƙato, an rubuta a samansa wai an mayar da shara taki. Ga tifa, ga Alhaji Sa'idu riƙe da zakara, ga yayana a gefe ya washe baki har kunne.

Hudu ya kama hannuna ya matse. Alhaji Sa'idu ya taso daga babban tebur ya karɓi lambar yabo, yana juyowa idonsa ya faɗa kanmu. Wallahi ko gezau bai yi ba.

"Ikon Allah! Ga ma manomin nan da kanshi!" ya ce a lasifika. "Malam Hudu, taso, taso jama'a su gan ka."

Aka tura shi gaba, aka danƙa masa abin magana. Na ce a raina yau dai Allah ya kawo mu. Amma Hudu ɗan gidanmu ne, an hore shi ba a buɗe baki gaban manya da ƙorafi. Ya yi sallama. Ya gai da shugaba, ya tambaye shi hanya, ya tambayi iyali. Ya gai da masu sarauta ɗaya bayan ɗaya. Ya gai da malamai. Ya yi wa gwamnati addu'a, aka shafa. Ya juyo ga Alhaji Sa'idu, kuma saboda ba a fara zargin mutum sai an ambaci alherinsa, ya ce, "Shi kau Alhaji, ranar da ya zo mani da tifa, na gode mashi, har gobe ba ni mance wannan rana. Sai dai kuma…"

Nan aka kwashe da tafi. Mai gabatarwa ya zare abin maganar daga hannunsa yana cewa, "Madalla, kun ji daga bakin manomi! Lokacin sallah ya yi, ga kuma abinci." Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa bai gama ba, amma wa zai ji ni, an riga an shigo da shinkafa. Muka bi shugaban zuwa mota, wani yaronsa ya tare mu ya ce mu rubuto.

A bakin ƙofa aka ba kowa rabonsa: shinkafa da miya an ƙulle a farar leda, an saka cikin baƙa, da fiya wata biyu, da dashen darbejiya a tata ledar. Kafin mu tayar da babur, filin gaban ɗakin ya yi baƙi ya yi fari, awakin gari har sun fara taruwa. Ni na kasa ci, raina ya ɓaci. Hudu ma bai ci ba, amma ya riƙe tasa, ya ce zai kai wa yara.

Tun daga nesa muka hango mutane a ƙofar gida. Hudu ya dira kafin in tsaya, ya yar da ledar a gindin danga. Batula ta fito, idonta ya yi ja.

"Malam, ka yi haƙuri. Kuna fita ya kwanta. Mun ɗaga, mun ɗaga, ya ƙi. Da na ga yana shure-shure na aika aka kira Naziru, kada ya tahi mushe."

Naziru mahauci ya riga ya feɗe. Ya ce bai taɓa tumbin ba, ya bari sai mai shi ya zo. Ya sa wuƙa ya tsaga. Ba ciyawa ta fito ba. Wani dunƙule ne baƙi, ya murɗe ya cure kamar tsohuwar igiyar rijiya, da ƙyar mutum biyu suka jawo shi ƙasa. Warin ya kori mata zuwa cikin gida. Naziru ya taka shi da ƙafa, bai ko lotsa ba. Da wannan Fari ya yi wata da watanni yana tsaye, yana jin Hudu na roƙonsa ya ci dusa.

Maƙwabta suka yi abin da aka saba, suka haɗa watanda don asarar ta yi sauƙi, aka kasa naman kashi-kashi, ɗan abin da ya rage a jikinsa. Naziru ya zaro damin baƙar leda daga aljihu ya fara ƙullawa kowa nasa. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Ni ma sai da na karɓi nawa na ga abin da ke hannuna.

Gabas ta haɗa hadari, iska mai ƙanshin ruwa ta fara kaɗawa. Hudu na tsugune gaban dunƙulen, rigar sallarsa na jan jini, sai muka ji Batula ta ƙwalla ƙara.

"Malam! Gajere!"

A ruɗanin nan ba wanda ya tuna ya ɗaure shi. Yana gindin danga, ya fasa ƙullin shinkafar taro, ledar na leƙowa ta gefen bakinsa yana tauna a hankali. Hudu ya yi tsalle ya riƙe masa hanci, ya tura hannu cikin bakin har gwiwar hannu, yana kiran sunansa, yana haɗa shi da Allah. Ya kamo, ya ja.

Rabin ledar kawai ya fito.