Ƙuri'ar Ofelia

"Kunnen doki! Ramona, ki fito, kunnen doki aka yi!"

Ina kicin ina murza gurasar masara na ji ihun Graciela daga tsallaken titi. Ko hannu ban wanke ba na ruga waje da silifas cikin sanyin farkon Disamba. Na same ta a barandar gidansu tana tsalle kamar ba uwar 'ya'ya uku ba.

"Yanzu aka gama sake ƙirga ƙuri'un," in ji ta. "Baba ɗari huɗu da sha biyu, Tobias ɗari huɗu da sha biyu!"

Babanta, Eusebio Maestas, maƙwabcina ne shekara talatin da ɗaya. Ashirin da huɗu daga ciki ya yi su yana majalisar dokokin jiha a Santa Fe, shi ya sa duk garinmu Tres Olmos ba mai kiransa sai Sanata. Bara ya ajiye kujerar, ya ce takarar magajin garinmu zai yi, garin da mutanensa ba su cika dubu biyu ba. Shi ya rubuta dokar da ta ba ƙananan garuruwa damar a sake musu bututun ruwa. Garuruwa sha tara sun amfana, namu kuwa ko takardar nema bai aika ba, don magajin gari Tobias Lucero, mai shagon taya, ya ce haƙa tituna zai kashe kasuwa. Mu dai ruwan famfonmu ja yake zuwa kamar shayi, ga wa'adin dokar zai ƙare tsakiyar Janairu.

Ana tsakiyar kamfen likita ya ce huhun Sanata ya tafi. Bai fasa ba.

Na shiga falo na same shi a kujerarsa, robar iska a hanci, yana dariya yana tari.

"Ƙuri'a ɗaya, Ramona! Wane marar kunya ne ya hana ni ƙuri'a ɗaya? Ko ke ce?"

"Ni da na cinye takalmi biyu ina bin gida-gida saboda kai?"

"To Fadan cocinmu ne. Tun da na ce huɗubarsa ta yi tsawo yake hararata."

Matarsa Ofelia ta fito daga kicin riƙe da butar kofi. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ce," ta ce.

Graciela ta juyo. "Ke ce me, Mama?"

"Tobias na zaɓa."

Na'urar iskar Sanata tana ta huci a gefen kujerarsa.

"Shekara ashirin da huɗu ina raba ka da Santa Fe," in ji Ofelia. "Yanzu likita ya ce watanni suka rage, su ma in ba wa ofishin gari? Na shiga rumfar nan, hannuna ya ƙi."

Sanata ya dube ta. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya fashe da dariya har Graciela ta ruga ta gyara masa robar.

"Zaɓe shida na ci! Ba wanda ya taɓa tsayar da ni sai wadda nake kwana da ita ɗaki ɗaya. Zo nan, 'yar adawa, zuba min kofi."

Ta zuba masa tana share hawaye da gefen hannu.

Tunda an yi kunnen doki, sai sa'a ta raba, kuma ɓangarorin biyu suka yarda da karta. Ranar Juma'a da hantsi zauren gari ya cika har waje. Makaranta ta sako 'yan aji na ƙarshe su zo kallo. Wata mota ta tsaya a bakin ƙofa tana sayar da miyar masara da jan barkono, har 'yan gidan talabijin daga birnin Albuquerque sun zo da kyamara. Ni na tura Sanata a keken marasa lafiya, Ofelia tana gefe riƙe da tukunyar iskar.

Tobias yana gaban tebur da hularsa ta kaboyi. Tun firamare suke tare da Sanata, tun firamare kuma suke tsokanar juna.

"Ka ga Sanata guda," in ji shi da ƙarfi, "ya baro Santa Fe ya zo ƙwace wa mai faci aikinsa!"

"Shekara takwas kana magajin gari, Tobias, ramin ƙofar shagonka ma ba ka cike ba."

"Ramin nan shi ke kawo min masu neman faci!"

Zaure ya kwashe da dariya. Akawun gari, Benigna Ortiz, ta buga tebur. Ta ɓare sabuwar karta a gaban kowa, ta cakuɗa sau bakwai, ta baje ta a kife. Wanda ya zaro babba shi ya ci.

Tobias ya hura yatsunsa ya zaro. Goma. Mutanensa suka ɗau sowa, wani ya jefa hula sama. Goma dai ba ƙarama ba ce.

Sanata ya miƙa hannu, amma hannun rawa yake yi sosai. Ya mayar da shi cinya.

"Benigna, an yarda wani ya zaro min?"

Ta dubi Tobias. Tobias ya cire hula. "A bar shi."

"Ofelia," in ji Sanata. "Ke kika jawo, ke za ki ƙarasa."

"Eusebio, kar ka yi min haka a gaban mutane."

"In kin zaro biyu, mu koma gida in zama naki. In kin zaro babba, ki ba ni aron sati biyu kacal. Na yi miki alkawari."

Ta miƙo min tukunyar iskar. Ta yi alamar gicciye, ta rufe ido, ta ja wata daga can gefe. Ta duba ita kaɗai, ta dafe baki. Sannan ta juya ta ga jama'a.

Sarauniya ce, wadda ta fi goma.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Graciela ta rungume Benigna, 'yan makaranta suna dukan kujeru, motoci a waje suka ɗau ham. Ni kaina na tsinci kaina ina rawa da tukunyar iska a hannu. Tobias ya ratso taron ya sunkuya ya kama kafaɗar Sanata.

"Matarka ta zaɓe ni a rumfa ta kayar da ni a tebur," ya ce. Ashe labari ya riga ya zaga gari.

Ranar ɗaya ga Janairu aka rantsar da shi a falonsa, don ba ya iya fita kuma. Alƙaliya ta zo gida, muka cika ɗakin har baranda. Daga nan teburin cin abincin Ofelia ya koma ofis. 'Yan majalisar gari suna zuwa da safe, injiniya yana baje taswira tsakanin kofuna, Sanata yana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage masa. Kwana na uku sai ga Tobias da kwalin takardu.

"Ba don kai na zo ba," ya ce. "Ni kaɗai na san inda tsofaffin bututun suka bi."

Ofelia kuwa ta sa doka: ƙarfe sha biyu kowa ya watse. Ba wanda ya taɓa ƙetare ta. Daga azahar zuwa yamma nasu ne su biyu, ina hango su ta taga tana karanta masa jarida.

Ranar tara ga wata majalisar gari ta amince da takardar neman bututun, ya sa hannu. Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama rubuta sunansa. Graciela ta ɗauki takardar ta kai Santa Fe da kanta, ta kira daga can ta ce an karɓa, an buga hatimi.

"To, 'yar adawa," ya ce wa Ofelia, "na dawo miki da ragowar kwana biyar."

Uku ya samu. Ranar sha biyu ga wata, bayan cin abincin rana, Ofelia ta ƙwanƙwasa min ƙofa ba riga mai kauri a jikinta.

"Ramona, Eusebio ya cika, zo ki taya ni kashe na'urar nan," ta ce. "Ban san inda ake dannawa ba."

Washegarin jana'iza dusar ƙanƙara ta sauka sosai. Da safe na ɗaga labule na ga motar Tobias a ƙofar gidansu. Shi kaɗai ne, da shebur, yana share hanya daga matakalar baranda zuwa titi. Da ya gama ya jingina shebur ɗin a bango, ya kakkaɓe hularsa. Ofelia ta buɗe ƙofa ta ajiye masa kofi a kan matakala, tururi yana tashi.