Shafi Ashirin da Biyu a Tanderu

Ina da wani ɗan aibi da ya kamata in faɗa tun yanzu: ba na iya kushe abincin da aka ba ni kyauta. Ko gawayi aka ɗora mini a faranti, zan tauna in ce hannu ya yi albarka. Wannan halin ne ya sa mijin yayata ya zaɓe ni mai ɗanɗano, na ci ƙonannen burodi har sau tara cikin mako uku, ina murmushi da baƙin haƙori.

Mijin nan nata akawu ne a tashar jirgin ƙasa, shi ke rubuta lokacin da jirgi ya shigo da lokacin da ya tashi. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki, har ta kai in ka ce masa "ina zuwa yanzu" sai ya tambaye ka yanzun ƙarfe nawa. Yaya ce ta laƙaba masa Malam Minti, sunan kuma ya bi shi har ofis.

Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ruwanta da agogo. Abu biyu ta sa a gaba in ta dawo daga makarantar da take koyarwa: gashin burodi da karatun littattafan almara, irin waɗanda jirage ke yawo tsakanin taurari, ko dodanni masu fukafukai su yi sarauta a kan duwatsu. Kuma tare take yin su. Za ta tura gwangwani cikin tanderu, ta ja kujerar nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ta buɗe littafi a cinya. Can sai ta rufe shi, ta miƙe, ta fito da burodi mai ƙamshin madara da ɓawon lemo. Malam Minti ya ci wannan burodi shekara da shekaru bai taɓa tambayar yadda ake yin sa ba. Littattafan kuma, in ji shi, ƙarya ce aka yi wa bango.

Wata huɗu bayan rasuwarta, ya dawo daga aiki wata ranar, ya tsaya a ƙofar kicin, ya gane abin da ke damunsa a gidan. Shirun ya fara sabawa da shi. Ƙamshin ne babu. Ɗakunan sun koma warin sabulun goge ƙasa da takalmi, kamar ɗakin jiran fasinja. Ya buɗe durowa yana lalube, ya ci karo da katin da ta rubuta yadda take haɗin. Fulawa, yis, bota, madara, duk ta auna su daidai. Amma a ƙasa ga abin da ta sa:

"Kwaɓi ya huta babi biyu. A naushe shi, a sa a gwangwani, ya ƙara babi ɗaya. Tanderu shafi ashirin da biyu. In littafin ya yi daɗi a rage uku. Kar a buɗe tanderu kafin nan."

Ya juya katin ko akwai minti a baya. Babu.

Da farko ya yi abin da ya sani, ya ajiye agogon hannunsa a kan tebur. Minti talatin, talatin da biyar, arba'in. Burodi ya fito, amma burodin kowa ne, irin wanda za ka saya a kowane kanti ka manta ka ci. Daga nan ya haƙura ya ɗauko littafi ɗaya daga kantarta. Matsalar ita ce Malam Minti da yatsa yake karatu, layi bayan layi, kuma in ya ga jirgi ya bar wata duniya ba a faɗi ƙarfe nawa ba, sai ya koma baya ya duba ko shi ne ya tsallake. Kafin ya kai shafi na goma, kicin ya turnuƙe.

"Ka leƙa mana, bawan Allah," na ce masa ina kankare baƙin da wuƙa. "Ido kake da shi."

"Gilashin tanderun ya dushe. Kuma ta ce kar a buɗe."

"Tana da rai ma ba ka bi maganarta haka ba."

Bai yi dariya ba. Ya tura mini faranti ya ce in faɗi gaskiya. Na ce ya fi na jiya.

A karo na tara hayaƙin ya haura har bene na uku. Matar da ke saman su, wata tela mai ciwon asma, ta sauko tana dukan ƙofa, da ta koma kuma ta kira 'yar Malam Minti ɗaya tilo, wadda nas ce a wani gari mai nisan awa uku. Nas ba ta yi doguwar magana ba, halin ubanta ta ɗauko.

"Baba, ranar Asabar ta ƙarshen wata zan zo da kwalaye. Mun gyara maka ɗaki. Akwai tasha a nan ma, za a yi maka canjin wurin aiki."

"Littattafan fa?"

"Makarantar Mama za ta karɓa. Murhun kuma ya tsufa, Baba. Kai ma ka sani."

Kwana goma sha biyu suka rage masa. Ya ƙudurta a ransa cewa in yarinyar nan ta hau bene ta ji gidan yana ƙamshi irin na da, ba za ta iya naɗe shi cikin kwali ba.

Sai ya shiga karatu da gaske. Yana tashi aiki ƙarfe uku, huɗu saura ya riga ya ɗaura atamfar girkinta a ƙugu, wadda ba ta zagaye cikinsa. Littattafan cike suke da ita. Nan yatsanta ya bar tabon bota, can fulawa ta bushe a tsakiyar shafi, wani wurin ta ja layi da fensir ta rubuta "wawa" kusa da sunan wani yarima. Yakan daɗe yana kallon irin wannan wuri. Kujerar kan gyaɗa in ya motsa, ƙwas, kamar yadda take yi da can yana falo yana jin labarai. Sau biyu ya buɗe shafi, sai ya ji kamar an buɗe wani a bayansa, ɗan jim bayan nasa. Ya waiwaya. Labule ne kawai da hasken la'asar a bango.

Saura kwana biyar ya lura da wani siririn littafi a ƙarshen kanta, mai shuɗin bango da ya koɗe. Bai tuna ya taɓa ganin sa a hannunta ba, amma me ya tuna? Labarin wata duniya ce da iskarta ta yi kauri, har magana ke tafiya a cikinta a hankali kamar zuma a cokali. In mutum ya kira matarsa daga ƙofar gida, sai bayan shekara uku kiran zai isa ɗaki. Mutanen garin sun saba suna shara su ji gaisuwar wanda aka binne tuntuni ta iso. Ba sa tsorata. Amsawa suke yi, su ci gaba da shara.

An lanƙwasa kusurwar shafi a wuri uku cikin littafin.

Ya kwaɓa fulawa, ya rufe kwano da tsumma, ya zauna. Ya cire agogon ya sa a aljihu. Yatsansa na bin layi har ya kai lanƙwasar farko. A ƙasan shafin wata mata ce ke cewa, "Ka daɗe a bakin ƙofa. Shigo mana." Ya ɗaga tsumma, kwaɓi ya cika kwano har ya yi tozo. Ya naushe shi, ya sa a gwangwani, ya koma kujera. A lanƙwasa ta biyu matar ta ce, "Ban yi shiru ba, maganar ce ba ta iso ba." Kwaɓin ya kai bakin gwangwani daidai. Ya tura shi cikin tanderu.

Tsakanin ta biyu da ta uku shafi tara ne kacal. Ba ashirin da biyu ba. Tara, daidai tafiyar mai karatu da yatsa. Yaya kuwa ba ta taɓa buƙatar alama ba. Duk wanda ya yi wannan alamar, mai jinkirin karatu ya yi wa.

Bai kai ga lanƙwasa ta uku ba ƙamshin ya fara fitowa, ya ratsa falo, ya shiga ɗakin kwana inda takalmanta ke jere har yanzu. A shafin matar ta ce, "Ya isa haka. Tashi." Ya tashi.

Ya kira ni na zo kafin magariba. Na gutsura na kai baki, sai na kasa cewa komai, ni da ban taɓa rasa yabo ba. Burodin Yaya ne. Har ɗan ɗacin ɓawon lemon da ke zuwa daga baya.

"Yau ba ka ce hannu ya yi albarka ba," in ji shi.

"Hannun wa?" na ce, ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Ya dube ni, ya dubi kujerar. Babu wanda ya zauna a kanta a cikinmu har na tafi.

Kwana huɗun da suka biyo baya kullum sai ya gasa, kullum sai ya fito daidai, duk da cewa gas ɗin wani lokaci yakan yi ƙarfi, wani lokaci ya yi sanyi. Tela ta sauko da niyyar faɗa, ta koma da rabin burodi a leda tana share ido. Shi kuma ya fara magana a kicin. Yana yanka lemo yana ba da labarin jirgin kaya da ya makara minti hamsin, da sabon shugaban tasha da bai iya ɗaura agogo ba. Yakan ɗan dakata bayan kowace magana. A tasha abokan aikinsa suka lura ya rubuta jirgin rana ya iso ƙarfe biyu, ba tare da ya sa minti ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ranar Asabar Nas ta iso da hantsi. Ni na tare ta a ƙasa na kama mata kwalayen, a ninke, ɗaure da igiya. Muna hawa tana lissafa abin da za a fara kwashewa. A bene na ɗaya ta rage murya. Kafin mu kai na biyu ta tsaya cak, ta dafa bango.

Ya buɗe ƙofa da atamfar a ƙugu, fulawa har gira.

"Kin makara minti ashirin," ya ce.

"Baba, me ka yi?"

"Wanke hannu ki zauna."

Ta zauna. Ta ci yanka ɗaya a hankali, ta ci na biyu hawaye na ɗiga a kan bota. Ya bar ta ta gama, sannan ya ɗauko shuɗin littafin ya ajiye a gabanta, ya nuna mata lanƙwasa ukun ɗaya bayan ɗaya, ya karanta mata layukan da yatsa. Bai ƙawata komai ba, kamar rahoton tasha ya ba ta.

"Shafi tara," ya ce. "Ta san ba na sauri. Ni ba yaro ba ne, 'yata, na san inda muka kai ta. Amma uwarki ba ta gama magana a gidan nan ba. In na tashi, wa za ta tarar?"

Nas ta ɗauki littafin ta juya bayansa. Ta daɗe tana kallon bangon. Ta dube ni, na mai da ido kan faranti. Famfo na ɗiga a kwanon wanke-wanke, babu wanda ya tashi ya matse shi.

"To," ta ce a ƙarshe. "Zauna. Amma za a canza robar gas ɗin nan yau, ina tsaye. Makulli ɗaya wurin Kawu, ɗaya wurin matar sama. Kuma in na kira ka ɗauka, ko kana tsakiyar babi."

"In ina tanderu fa?"

"Ko kana cikin tanderun."

Ya yi dariya, karo na farko da na ji tun ranar jana'iza. Ya naɗe mata burodi guda a takarda ta kai wa mijinta, yana gargaɗin kar ta yanka da zafi.

Da yamma na raka ta ƙasa da kwalayen, yadda suka zo. Daga sama muna jiyo shi yana wanke gwangwani yana magana, ya yi shiru, ya ci gaba. Ta sa kwalayen a bayan mota, ta rufe, ta tsaya riƙe da makulli.

"Kawu, kar ka gaya masa."

"Me?"

"Littafin nan ni na saya, a teburin mai tsofaffin littattafai da ke ƙofar asibitin da aka kwantar da Mama, wata ranar Laraba. Da na hau sama na tarar ta daina gane mutane. A jakata ya zauna har bayan kwana bakwai da rasuwarta, na sa shi a kanta da muna gyaran gida. Da lanƙwasarsa na saye shi. Mama ba ta taɓa riƙe shi ba."