Hukuncin da Tadek Ya Yanke wa Kansa

Ranar Talatar Maiƙo dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a garin Hamtramck, gari ya waye fari fat, sanyi kamar ya tsinke kunne. Duk da haka, tun kafin a buɗe gidan burodin Gorski layi ya sha kwana har ya kai ƙofar shagon mai wanki. Gobe Kiristoci za su shiga azumi, yau kuwa kowa sai ya cika cikinsa da poncki, fanken nan mai ƙwai da man shanu wanda ake ɗura wa markaɗaɗɗen 'ya'yan itace. Cinikin wannan yini ɗaya shi ke riƙe shagon har bazara.

Tadek Gorski yana bakin kaskon suya, fulawa har gira, yana rera waƙa da wata murya mai kama da ƙofar da ba ta ga mai ba.

"Maigida, ka ji tausayin masu saye mana," in ji matarsa Halina daga bakin kanta. "Sanyi ya dake su a waje, kai kuma ka tare su da wannan."

"Da ita na sace zuciyarki."

"Tausayi ne ya kama ni, ka daina ruɗin kanka."

Abu ɗaya ne ya so ɓata ranar, na'urar karɓar katin banki. Duk wanda ya miƙa katinsa sai ta tsaya tana nazari kamar alƙalin da ya ci kuɗin ɓangare biyu. Layi ya ƙi motsi. Mama Wanda, mahaifiyar Tadek, ta taso daga kujerarta, ta fizge wayar na'urar daga bango, ta yagi kwali ta rubuta: YAU TSABA KAWAI.

"Mama, zamani ya wuce nan fa," in ji Tadek.

"Zamanin ne ya tsayar mana da layi. Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa karɓar roba a ranar poncki ba. Koma bakin kaskonka."

Ba wanda ya yi ƙorafi. 'Yan unguwa sun saba da haka tun kakanninsu, kowa ya zo da takardun dala a aljihu. Kafin la'asar ba a bar ko ɓarɓashi a faranti ba.

* * *

A watan Oktoban da ya wuce ne tsohon tandun shagon ya mutu. Banki ya ce a dawo bayan wata biyu. Ana cikin haka wani saurayi mai zaƙin baki, Corey, ya bugo waya daga wani kamfani a New York.

"Oga Tadek, wannan ba bashi ba ne, ciniki ne. Mu ba ka dala dubu arba'in jibi, mu riƙa ɗibar kaso kaɗan daga cinikin katinka kullum har mu haɗa hamsin da shida. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, mu ma mu yi sanyi."

Takardu suka zo tuli. Guda ɗaya ce aka ce sai ya sa hannu a gaban mai hatimin shaida.

"Wannan fa ta mece ce?"

"Ta cika fayil ce kawai, Oga. Can take kwana a aljihun tebur."

Tadek ya sa hannu, tandu ya iso, kamfani ya shiga ɗibar nasa kowace safiya ba fashi. Kafin Talatar Maiƙo ya biya fiye da rabi.

Washegarin Talatar, Mama Wanda ta so a ɓoye tsabar a gwangwanin fulawa kamar yadda aka saba. Tadek ya ce a'a, banki zai kai, don mutanen New York su ga kuɗin su ɗebi rabonsu. Shi ba ya cin haƙƙin kowa.

* * *

Ranar Juma'a ya je ciro albashin ma'aikata. Matar da ke bakin taga, wadda ita ma ta sayi dozin biyu na poncki ranar Talata, ta daɗe tana kallon allon gabanta.

"An rufe asusunka, Tadek. Umarnin kotu ne daga New York."

Ya yi dariya. "Ni ko New York ban taɓa takawa ba. Halina ta ce tsada gare ta."

"Har da asusunku na gida. Da na Mama, tunda akwai sunanka a kai."

Ya ciro wayarsa. Ya kira lambar Corey, wata murya ta ce ya jira, aka kunna masa kiɗa. Ya sha kiɗa har batir ya mutu.

Daga nan ofishin Stefan Malek ya nufa, ɗan kawun Halina, lauyan da bai taɓa biyan kuɗin burodi ba. Stefan ya karanta takardun yana lasar yatsa.

"Sun ce ranar da ka fi ciniki a shekara ba ko sisi da ya bi ta kati. Wai ka karkatar da kuɗinsu, ka karya alkawari."

"Na'urar ce ta yi nauyi. Kuma kuɗin na kai banki da hannuna. Yaushe za a kira ni in faɗi nawa?"

"Suruki, ai ka riga ka faɗa tun Oktoba." Ya ɗaga takardar mai hatimi. "A nan ka rubuta cewa ka amsa laifi, ka yafe sammaci, ka yafe kare kai. Su dai su kai wa magatakardan kotu, su faɗi abin da suke bin ka, ya buga tambari. Ko alƙali bai gan ta ba."

"Na amsa laifin da ba a yi ba tukuna?"

"Amfaninta ke nan. Sun haɗa ragowar kuɗin gaba ɗaya, sun ɗora ladan lauyansu a kai."

"To mu yi ƙara."

"Sai a can New York, da lauyan can. Kafin ya ɗaga alƙalami zai nemi dala dubu goma, shari'ar kuma ta ci watanni."

"A ina zan samo dubu goma?"

"A asusun da aka rufe."

Suka dubi juna, sai dariya ta kuɓuce musu su biyun, irin wadda ke fitar da hawaye.

* * *

A gida Mama Wanda ta zauna ta tasa shayi a gaba har ya huce.

"Ni na cire wayar nan," in ji ta.

"Haba Mama," in ji Tadek, ya dafa kafaɗarta. "Da ba ki cire ba, da sun ce muryata ce ta kori masu kati."

"Wannan kam ko ni zan ba da shaida," in ji Halina.

Tsohuwar ta murmusa kaɗan, amma ba ta sha shayin ba.

Mai fulawa ya yi haƙurin mako uku, mai ginin shagon ya yi na wata guda. Ba a kai bikin Ista na ƙarshen azumin ba Tadek ya miƙa makullin shago, ya kama aikin kwaɓa ƙullu a wani babban kanti da ke bakin babbar hanya, inda aka hana waƙa a bakin aiki.

Abin da ya tafi shi ne dala dubu ashirin da ɗaya na shago, dubu bakwai na Tadek da Halina, da dubu biyar da Mama Wanda ta tara don jana'izarta. Sai aikin mutum huɗu, da motar kai burodi, da shago ɗaya mai shekara hamsin da biyu.